Kafin a sake raba kekunan ɗinki

A Ingila da Amurka, idan Kirsimeti ta gabato, ƙungiyoyin agaji irin su World Vision da Oxfam kan fito da jerin kyaututtuka na musamman. Mutum zai biya kuɗin akuya, ko na ruwan sha, ko na koya wa wata mace mai ƙaramin ƙarfi ɗinki, sai a aika wa mahaifiyarsa ko ƙanwarsa kati cewa an yi alherin da sunanta. Oxfam ta fara nata tsarin a 2004.

Masu ba da sadaka a ƙasar Hausa su ma ba baƙi ba ne ga kyautar keken ɗinki. Hukumomin zakka suna rabawa, attajirai suna rabawa, 'yan siyasa kuwa ba a magana. A jera kekuna a fili, a ɗauki hoto, a watse. Abin da ke biyo baya ba ɓoyayye ba ne: wasu kekunan tun a bakin ƙofa dillalai ke saye su da araha, wasu kuma su ƙare a kusurwar ɗaki an jibga musu kayan wanki. Laifin ba na matan ba ne. Wadda ba ta iya awo da yanka ba, ba ta da kuɗin zare balle yadi, ga yara suna kukan yunwa, me za ta yi da keke in ba ta sayar ba?

Akwai masu yin abin da tsari. Tools for Self Reliance, wata ƙungiya da ke kusa da Southampton, ta fi shekara 40 tana karɓar tsofaffin kekuna da kayan sana'a, 'yan sa-kai su gyara su tsaf. A ƙasashe irin su Ghana, Saliyo, Malawi da Uganda, ana haɗa kayan da koyon sana'ar da kuma lissafin ciniki. A Indiya, kamfanin Usha ya fara makarantun ɗinki na ƙauye a 2011. Ana koya wa mace ɗinki da gyaran keken kansa, a ba ta keke, ita kuma ta buɗe aji a gidanta tana koya wa maƙwabta. Batun gyaran nan ba ƙarami ba ne, domin a ƙauyen da babu mai gyara, ƙaramar matsala kan ajiye keke wata da watanni.

Ko da an yi komai daidai, ɗinki ba maganin talauci ba ne ɗungurungum. A arewacin Uganda, gwamnati ta ba ƙungiyoyin matasa kuɗi a 2008 domin koyon sana'a da sayen kayan aiki, kuma mata da yawa ɗinki suka zaɓa. Bayan shekara 4, masu bincike, ciki har da Christopher Blattman, sun ga kuɗin shigar waɗanda suka amfana ya fi na sauran da kusan kashi 38 cikin 100. Bayan shekara 9, sauran sun kusa cim musu. Tallafin ya gaggauta tashi, amma kasuwa ce mai yanke hukunci. Idan an yaye mata hamsin a unguwa guda, ga gwanjo, ga ɗinkakkun kaya na waje, ɗinkin Sallah kaɗai ba zai riƙe su shekara ba.

Saboda haka mai niyyar fitar da zakka ko sadaka ta wannan hanya ya rage yawan kekunan, ya ƙara abin da ke tafiya da kowanne. Ya biya wata ƙwararriyar tela kuɗin koyarwa na watanni, ya haɗa da almakashi, zare da ɗan jarin yadi. In yana da hanya, ya nema wa waɗanda aka yaye aikin ɗinka kayan 'yan makaranta ko hijaban Islamiyya. Bayan wata shida kuma ya tura a duba ko keken yana aiki.