Gidan Hotak: shekara 29 na mulki da darasin da suka bari

Duk lokacin da na ji mutane suna murna don an kawar da azzalumi, kamar an gama aiki, sai in tuna da gidan sarautar Hotak na Afganistan. A ganina tarihinsu ya cancanci a koyar da shi a makarantunmu.

A farkon ƙarni na 18, birnin Kandahar yana ƙarƙashin daular Safawiyya ta Farisa. Gwamnan da aka tura can, Gurgin Khan, ɗan asalin Jojiya, ya gallaza wa ƙabilar Ghilzai ta Pashtun. A 1709 shugabansu Mirwais Hotak ya jagoranci tawaye, aka kashe gwamnan, kuma duk rundunar da Isfahan ta aiko sai ta koma da kunya. Mirwais bai wuce gona da iri ba. Ya tsaya kan ƙasarsa har ya rasu a 1715, shi ya sa har yau ƴan Afganistan suke kiransa kaka.

Bayansa ne abu ya lalace. Ɗansa Mahmud ya kashe baffansa Abdul Aziz ya haye gadon. A 1722 ya fatattaki sojojin Farisa a Gulnabad, ko da yake sun fi nasa yawa, ya yi wa Isfahan ƙawanya wata da watanni har yunwa ta ci mutane, Shah Sultan Husaini ya miƙa masa sarauta. To, me ya yi da ita? Tsoro ya kama shi, ya sa aka karkashe manyan Farisa da ƴaƴan gidan sarauta. A 1725 danginsa suka tuɓe shi, ɗan baffansa Ashraf ya karɓa. A 1729 Nadir ya murƙushe Ashraf a Damghan, a 1738 kuma ya ci Kandahar daga hannun Husaini Hotak. Shi ke nan.

Wani zai ce ƙarfin Nadir ne ya kayar da su. Gaskiya ne jarumin yaƙi ne, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidan da ɗa ke kashe baffa saboda kujera, talakawan da aka ci da yaƙi kuma ba su ga adalci ba, wa zai tsaya masa ranar wuya? Zaluncin da ya tayar da Mirwais shi ne ɗansa ya je ya yi wa wasu.

Abu biyu suka rasa: ƙa'idar gadon mulki da kowa ya yarda da ita, da amincewar waɗanda suke mulka. Takobi bai ba su ko ɗaya ba. Don haka idan sabon mai iko ya zo, kada mu tsaya ga tambayar wa ya kawar. Mu tambaye shi yadda zai riƙe jama'a, da yadda zai sauka in lokacinsa ya yi.