Tsautsayi Ko Rashin Lissafi?

Jama'a, duk sa'ad da mota ta kife tsakanin Samaru da Sabon Gari, magana ɗaya ake ji: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ba mu musun ƙaddara. Amma shin ƙaddara ce ta hana mu sanin iyakar ido da hannun ɗan Adam, alhali masana sun daɗe da auna ta?

A 1947 wani injiniya Baturen Ingila, Arnold Tustin, ya binciki yadda mai harba igwa yake bin abin da ke motsi, ya nuna ana iya rubuta aikin hannunsa da lissafi kamar na inji. Daga baya Duane McRuer na Amurka ya yi irin wannan da matuƙan jirgin sama. Abin da aka gano shi ne, tsakanin gani da motsa hannu akwai jinkiri na kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kuma gwaninta ba ta kawar da shi. In abu ya faɗo wa direba ba zato, yakan kai sakan ɗaya da rabi kafin ya taka birki. A gudun kilomita 80 cikin awa, mota ta ci mita 33 ke nan ƙafarsa ba ta sauka ba!

Lissafin ya kuma nuna in jinkiri ya yi yawa, mai gyara da ƙarfi shi ke jawo tangaɗi: ya karkata dama ya zarce, ya komo hagu ya zarce. To, sitiyari mai lako-lako da gyangyaɗi duk ƙara jinkirin suke yi. Ina laifin ƙaddara a nan?

Abin takaici, wannan hanya ta bi ta ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta kuma bi ta kusa da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964. Ilmi na hannunka mai sanda, direban da ke kwasar ɗalibai a Kwangila bai taɓa jin sa da harshensa ba. Malamanmu na injiniya sun kulle shi cikin Turanci, mu kuwa 'yan Hausa mun tsaya kan tatsuniya da karin magana, sai ka ce Hausa ba ta iya ɗaukar lissafi.

Haba 'yan'uwa! Mu haɗa kai da su, mu fassara, mu kai tasha. Allah ya sa mu gane.