Yawon Rufe Ido

Wani sabon buri ya shigo mana ta wayar hannu. Bidiyon manyan jiragen ruwan shaƙatawa ya cika TikTok da Facebook, matasa na tura wa juna suna cewa Allah ya kai mu. Har a shirina na rediyo akan sami mai kira ya ce nan ne ƙarshen jin daɗin duniya. Ni dai na ce kallon kitse ake yi wa rogo, kuma ga dalilaina.

Mu fara ba jirgin haƙƙinsa. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya soma ɗaukar fasinja daga Miami ta Amurka a Janairun 2024, tsawonsa ya kai mita 365, hawa 20 gare shi, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata 2,350. Gari ne sukutum a kan ruwa, da wuraren ninƙaya 7, da gidajen abinci, da shaguna, da gidan caca. Ka farka ka tarar da abinci kala-kala, ka fita ka dawo an gyara maka gado. Jirgi ya kwana yana tafiya, gari na wayewa ka leƙa taga ka ga wata ƙasa. Daɗi kam akwai shi.

Sai dai Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilmi. Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun kwana a garuruwan mutane, sun ci tuwonsu, sun koyi harshensu, wasu har suka yi aure suka zauna. Zangon Salaga da na Kumasi shaida ne. Fasinjan jirgin alfarma kuwa da hantsi ake sauke shi, a zuba shi a mota mai sanyi, ɗan rakiya na gaba riƙe da tuta. Ya ɗauki hoto, ya sayi tsaraba a shagon da aka nuna masa, ya koma jirgi kafin magariba. Sai ya taka ƙasa huɗu cikin mako guda bai san yadda ake gaisuwa a ko ɗaya ba.

Wani wurin ma an raba shi da mutanen ƙasar baki ɗaya. A Haiti akwai gaɓar teku mai suna Labadee, wadda Royal Caribbean ya karɓa haya ya kewaye da shinge da masu gadi. Bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010, ana cikin tono gawarwaki a Port-au-Prince, jiragen suka ci gaba da sauke masu shaƙatawa a can. Kamfanin ya ce ya kai kayan agaji, kuma janyewarsa za ta raba mutane da abincinsu. Ko mun karɓi uzurin, tambaya na nan: wace Haiti wannan fasinja ya gani?

Mu sauka ƙasan jirgi, inda babu taga. Masu wanki da girki da share-share akasarinsu 'yan Filifin ne da Indonesiya da Indiya. Kwantiraginsu watanni shida zuwa tara ne, aiki kullum babu ranar hutu, awa goma ko fiye. Jirgin ofishinsa na Miami, amma tutar Bahamas yake ɗauke da ita, kamfanin kuma a Laberiya aka yi masa rajista. Hikimar ita ce a kauce wa haraji da dokar ƙwadagon Amurka. Murmushin da ake yi wa fasinja a teburin cin abinci, ga inda aka dafa shi.

Tekun ma bai tsira ba. A 2016 kamfanin Princess Cruises ya amsa laifin zubar da dagwalon mai a ruwa ta wani ɓoyayyen bututu, aka ci shi tarar dala miliyan 40. A 2021 Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venice. Masu gidan da kansu sun fara rufe ƙofa, mu kuma muna hango abin muna haɗiyar yawu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne Bahar Rum. Ruwan da waɗannan jirage ke shawagi a kai da kiɗa da fitilu, shi ne ruwan da ke haɗiye 'yan Afirkan da suka ratsa Sahara, da yawansu ta Agadas. Ranar 3 ga Oktoban 2013 kaɗai, sama da mutum 360 suka halaka a kusa da tsibirin Lampedusa. Ruwa ɗaya ne, fasfo ne ya bambanta. Saurayin da ke kallon bidiyon nan a Maraɗi ko Garwa, ko ya tara kuɗin tikiti sai ya fara neman biza, kuma mun san yadda ake kallon fasfonmu a ofishin jakadanci.

Na san za a ce kuɗinsu ne, hassada ce ke damuna. Wanda ya nemi halalinsa ya huta yadda ya so, ban hana ba. Abin da na ƙi shi ne a tallata wa 'ya'yanmu wannan a matsayin sanin duniya. Mai son buɗe ido ya hau mota daga Damagaram zuwa Kumasi, ya sauka a zango, ya zauna da mutane mako biyu. Zai dawo da ƙura a jiki, da abokai, da labarin da zai ba jikokinsa.