Birkin da ke lafiya a gareji, ya ci amana a gangare

Irin gwajin birkin da ake yi a garejojinmu ba ya gaya mana komai game da motar da ke jan kaya. Bakanike ya zagaya unguwa da Hilux babu ko buhu ɗaya a bayanta, ya taka, ta tsaya, ya ce lafiya ƙalau. Gobe kuwa motar nan za ta gangara Hawan Kibo da tirelar janareto a bayanta.

Aikin birki shi ne mayar da gudu zafi, kuma idan nauyi ya ninka, zafin ma ninkawa yake yi. Saboda haka shaidar da ta fi kowacce daraja tana ƙafar direban da ya yi gangaren, shi ne kuma wanda ba a cika tambaya ba.

Idan fedar ta tsaya da taurinta amma motar ta ƙi tsayawa, ga warin ƙuna, takalman birki ne zafi ya fi ƙarfinsu. Idan kuwa ta yi laushi tana nitsewa, sannan ta dawo daidai bayan motar ta huce, man birki za a tuhuma. Man nan yana tsotsar danshi daga iska sannu a hankali. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a wajen 140. Tururi kuwa matsuwa yake yi, sai ƙarfin ƙafa ya ƙare a cikin bututu bai kai taya ba. Wannan ciwon shafe sawunsa yake yi kafin a isa gareji, shi ya sa ake canza takalma masu sauran rai a bar tsohon mai. Laushin da ba ya tafiya ko motar na sanyi, wannan yoyo ne ko iska.

Sai ita tirelar. Kilo 3,500 da wasu Hilux ke iya ja, da sharaɗin tirelar tana da birkinta ne. In ba ta da shi, iyakar ta koma 750. Tirelolin da masu walda ke ƙerawa a nan kuwa da wuya ka ga mai birki. Mai motar da ya ɗora tankin ruwa na lita 2,000 a kan irinsu ya riga ya haura iyakar fiye da sau biyu, tun kafin a lissafa nauyin ƙarfen.