RAM ɗin da ya cika ba shi ne matsalar kwamfutarka ba

Akwai wata fargaba da ta zama ruwan dare a tsakanin masu aiki da kwamfutar tebur. Mutum zai leƙa Resource Monitor a Windows, ko ya buga umarnin free a Linux, sai ya tarar cikin gigabait 16 na RAM ɗinsa abin da ya rage a wofi bai taka kara ya karya ba, alhali manhajoji biyu ko uku kawai ya buɗe. Daga nan sai zargi ya tashi: ko ƙwayar cuta ce ta shiga, ko injin ya tsufa, ko kuma lokacin sayen ƙarin RAM ya yi. Ra'ayina shi ne, a mafi yawan lokuta babu ɗaya daga cikin ukun. Kwamfutar tana yin abin da ya dace ne, mu ne muke duban lambar da ba ita ce ma'auni ba.

Tushen maganar shi ne bambancin sauri. Ɗauko bayani daga RAM yakan ɗauki kimanin nanosakan 100. Daga faifan SSD kuwa, kimanin maikrosakan 100, wato ninki dubu. Daga tsohon faifai mai juyawa, kimanin milisakan 10, ninki dubu ɗari. Da a ce ɗaukowa daga RAM daƙiƙa ɗaya ce, da na SSD ya kai minti 17, na tsohon faifai kuma ya haura kwana guda cur.

Ka ɗauki misalin ɗan kasuwa mai tebur a gaban shago da sito a bayan kasuwa. Idan ya aika yaro ya ɗauko katan ɗin sabulu, ya sayar da rabi, ba zai mayar da sauran sito ba matuƙar akwai fili a teburin, domin ya san wani mai saye na nan tafe. Haka babbar manhajar kwamfuta take yi. Duk fayil ɗin da ta karanto daga faifai, takan bar kwafinsa a RAM idan akwai gurbi, don kada ta sake doguwar tafiya in an kuma nemansa. Wannan ajiyar kusa ita Windows ke nunawa da sunan “Cached” ko “Standby”, Linux kuma ke kira “buff/cache”. Ita ce dalilin da ya sa manhajar da ka rufe ɗazu take buɗewa nan take a karo na biyu.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne wannan gurbin aro ne, ba mallaka ba. Tunda asalin fayil ɗin yana nan a faifai, da zarar wata manhaja ta buƙaci wuri, sai a yi watsi da kwafin a ba ta, ba tare da wani jinkirin a zo a gani ba. Shi ya sa lambar da ta cancanci kulawa ita ce “Available”, wadda ta haɗa gurbin da ke wofi da wanda za a iya karɓowa nan take. Ruɗanin ba sabo ba ne. Lokacin da Windows Vista ta zo da SuperFetch, wanda ke loda manhajojin da ka saba amfani da su tun kafin ka neme su, mutane da dama sun yi ta ƙorafin cewa tana cinye RAM. Har yau tsarin yana nan da sunan SysMain. A ɓangaren Linux ma, sai a 2014, a sigar 3.14, aka ƙara ma'aunin MemAvailable domin kiyasta abin da za a iya samu a zahiri.

Saboda haka nake ganin manhajojin da ake tallatawa da sunan masu wanke RAM garin gyaran gira suke rasa ido. Abin da galibinsu ke yi shi ne tilasta wa tsarin ya zubar da ajiyarsa ko ya tura bayanan manhajoji zuwa faifai. Lambar wofi za ta hau, ran mai kwamfuta ya yi fari, amma bayan ɗan lokaci sai injin ya koma faifai yana kwaso abin da yake hannunsa ɗazu. An sayi kyan lamba da saurin aiki.

Wannan ba ya nufin ƙarancin RAM tatsuniya ce. Yana faruwa, kuma yana da alamominsa. Idan “Available” ya sauko ƙasa ƙwarai ya zauna a can, idan “Committed” ya doshi iyakarsa, idan faifai ya kama aiki babu ƙaƙƙautawa duk lokacin da ka sauya daga wannan taga zuwa waccan, to tsarin ya fara kwashe bayanan manhajoji masu aiki zuwa faifai, kuma a nan ne nauyi na gaskiya yake. A kwamfutocin Apple, jadawalin “Memory Pressure” yana taƙaita wannan da launi: kore lafiya, rawaya a kula, ja an matsu. Haka nan idan manhaja ɗaya tana ta kumbura awa bayan awa ba ta saki, wannan yoyo ne a cikinta, maganinsa sabunta ta ko rufe ta. Sai an ga irin waɗannan alamu a ranakun aiki na yau da kullum sannan sayen ƙarin RAM ya zama kashe kuɗi a inda ya dace.

Akwai kuma ɓangare ɗaya na ajiyar da ya cancanci tsoro, amma ba shi mutane ke tsoro ba. Idan ka adana fayil, sau da yawa tsarin yakan riƙe canjin a RAM na ɗan lokaci kafin ya rubuta shi a faifai. Windows na kiran irin wannan “Modified”. RAM kuwa ba ya riƙe komai in babu lantarki. Kwamfutar tebur ba ta da batir kamar ta tafi-da-gidanka, don haka a inda ake ɗauke wuta babu sallama, abin da bai kai faifai ba ya tafi, wani lokaci har fayil ɗin ya lalace.

To, ga ofishin da ke da kuɗin abu ɗaya kacal, kuma “Available” ɗinsa na nuna gigabait da dama a tsakiyar aiki, UPS ya fi ƙarin RAM amfani nesa ba kusa ba. RAM ɗin da ake da shi kuwa, a bar tsarin ya cika shi. Kuɗi aka sa aka saye shi, kuma duk gigabait ɗin da ya kwana a wofi bai biya ko kwabo daga cikin kuɗinsa ba.