Babba Ba Ya Karatu Don Alawa

Muna da mambobi masu karatun digiri na biyu a Jami'ar Ibadan da jami'ar NOUN, galibinsu magidanta. Wasu malamai kan zaburar da su da ƙarin maki don halartar aji. A ganinmu wannan dabarar firamare ce. Magidancin da ya rufe shago ranar Asabar ya tafi aji ya riga ya nuna himma. Tukuicin da yake so shi ne malami ya duba aikinsa da wuri, ya kuma bar shi ya kawo misali daga sana'arsa.

Mu ma da sauran aiki a gabanmu. Tallafin karatu na TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, ɗan kasuwa ba ya ciki. Maimakon lambar yabo bayan kammalawa, mu ware wani abu daga asusun ƙungiya ga wanda ya kai matakin rubuta kundin bincike. A nan ne kuɗin bugawa da zirga-zirga ke sa mutum ajiye karatu. Mu tattauna wannan a taro mai zuwa. Allah Ya sa mu dace.