Rashin Haihuwa: Me Ya Sa Mace Kaɗai Ake Tuhuma?

Idan kaka ta yi, masara ta cika kasuwar Dandume, manyan motoci suna lodi zuwa kudu, kuɗi kan shiga hannun manomi, ɗaurin aure kuma ya yawaita daga Funtua har Malumfashi. Sai dai a cikin auren da ake ɗaurawa akwai wanda ba a faɗin dalilinsa a bainar jama'a: uwargida ta shekara uku ko huɗu ba ta taɓa ko ɓatan wata ba, dangin miji sun gaji da jira, an yanke hukuncin cewa juya ce. Ƙarin aure halal ne, ba shi ake tuhuma a nan ba. Abin tambaya shi ne hukuncin da aka yanke wa baiwar Allah: wa ya yanke shi, da wace hujja?

A watan Afrilun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum ɗaya cikin kowane shida na manya yana fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. A wajenmu nauyin ya fi tsanani. Binciken yawan jama'a da lafiya na Nijeriya na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Jihar Katsina ya kai 7.3, mafi yawa a ƙasar. Matar da ba ta da ko ɗaya a tsakanin masu bakwai da takwas, kowane taron suna jarrabawa ne a gare ta.

Babban kuskuren da ya haifi sauran shi ne ɗaukar cewa namijin da ke iya biyan haƙƙin iyalinsa a shimfiɗa ba zai rasa haihuwa ba. Ƙarfin namiji daban, ingancin maniyyinsa daban. Mutum na iya kasancewa lafiya lau a fili, alhali ƙwayoyin haihuwar da ke cikin maniyyinsa kaɗan ne, ko ba sa motsi, ko ma babu su sam, kuma ido ba ya gane wannan. Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, namiji yana da kaso a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Ciwon sanyi da ba a yi wa magani da kyau ba yana toshe hanyar maniyyi kamar yadda yake toshe bututun mahaifa, kuma sau da yawa mijin ne ya kawo shi gida. Hangum idan ya kama namiji bayan balaga yana iya taɓa maraina. Wanda ya ce ai na taɓa haihuwa da matata ta farko, ya sani cewa shekara goma ta isa jiki ya sauya.

Akwai abin da ya shafi manomi musamman. A 1977 an gano cewa ma'aikatan wata masana'anta a jihar Kalifoniya ta Amurka sun rasa haihuwa saboda wani maganin ƙwari mai suna DBCP, haka ma ma'aikatan gonakin ayaba a Amurka ta Tsakiya, har daga baya aka haramta shi. Ba kowane maganin feshi ne yake da wannan illa ba, amma saurayin da ke goya tankin feshi babu safar hannu babu takunkumi, ruwan yana zuba a bayansa, bai kyauta wa kansa ba.

Littafin Allah bai keɓe mace da wannan jarrabawa ba. A ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura, Allah Maɗaukakin Sarki ya kasa bayinsa huɗu: wanda ya bai wa 'ya'ya mata, wanda ya bai wa maza, wanda ya haɗa masa duka, da wanda bai bai wa ba, kalmar da aka yi amfani da ita ga kashi na huɗu a Larabci tana hawa kan namiji da mace. Imam Bagawi a tafsirinsa ya kawo misalin kowane kashi daga cikin Annabawa. Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ba ta haihu ba, kuma wannan bai rage mata daraja ba ko kaɗan a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ita ma matar da ake gorantawa don tana haihuwar mata zalla, ilimin likita ya nuna cewa jinsin jariri daga ƙwayar uba yake fitowa.

Wani lokaci ma babu cuta, lissafi ne kawai. Ƙwan mace yana sauka kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa, kuma ba ya wuce yini guda yana jira, alhali maniyyi yana iya rayuwa har kwana biyar a jikinta. Ke nan kwanakin ɗaukar ciki ba su wuce shida a wata ba. Direban da ke kai hatsi Legas, ko ɗan cirani da ke leƙo gida kwana uku a wata biyu, yana iya shekara bai dace da waɗannan kwanaki ba. Ita ma allurar tazarar haihuwa ba ta kashe mahaifa, sai dai takan jinkirta dawowar ɗaukar ciki na wasu watanni.

Addu'a da ruƙya ta shari'a ba su saɓa wa zuwa asibiti ba; Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi zuriya yana tsoho aka ba shi. Abin tsoro shi ne shekarun da ake ɓatawa wajen boka da sunan aljani ya aure ta, da haɗe-haɗen da ake cusawa a gaba waɗanda kan jawo ƙuna da ƙwayoyin cuta. Shekaru kuwa ba sa jiran mace, domin damar ɗaukar ciki tana raguwa sosai bayan shekara 35. Ko dashen ƙwai, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Amman a 1986 ta halatta shi idan akwai larura, muddin maniyyin na miji ne, ƙwan da mahaifar kuma na matarsa.

Ƙa'idar likitoci ita ce, ma'auratan da suka shekara guda suna tare ba tare da ciki ba su je asibiti su biyun. Idan matar ta haura 35, wata shida ya isa. Gwajin namiji shi ne mafi sauƙi da araha: ya ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, ya ba da maniyyi a ɗakin gwaji. Idan sakamakon bai yi kyau ba akan maimaita bayan kimanin wata uku, domin ko zazzaɓi mai zafi yana iya rage ƙwayoyin na ɗan lokaci. Daga Dandume ana iya farawa da Babban Asibitin Funtua, idan ana buƙatar ƙwararru a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Kuɗin wannan gwaji bai kai na akwati ɗaya na lefe ba.